Waƙar Hutu da Kamarar Ɗalibi a Makarantun Kongo-Rasha



Maganar da aka ɗora mini ƙarama ce a ido. Malami ya ce wa 'yan ajinsa su haɗu su shirya bidiyon waƙa na minti uku a kan hutun Sallah ko na Kirsimeti, su kawo a ba su maki. Na san akwai iyayen da za su ji haka su ce to, an fara wasa da kuɗin makaranta. Ni kuwa a ganina, a unguwa irin tamu da wuya a sami aikin aji da ya fi wannan amfani, amma bisa sharaɗi. Sharaɗin shi ne a haɗa yaran da ba sa shiga gidajen juna, a ɗora musu aikin da ɗaya ba zai iya kammalawa ba sai da hannun ɗan'uwansa, sannan a hana su cika waƙar da wa'azin zaman lafiya. Wannan na ƙarshe zai ba wasu mamaki, kuma zan zo kansa. Abin da nake son kafawa a yau shi ne, alherin wannan aiki yana cikin makonnin da za a kwashe ana yin sa, tun kafin kowa ya ga hoto ko ɗaya.

Jos ba baƙuwar kamara ba ce. Gidan talabijin na tsohuwar jihar Binuwai-Filato, wanda ya fara aiki a 1974, shi ne na farko a Nijeriya da ya watsa hoto mai launi. Hukumar Finafinai ta Ƙasa da aka kafa a 1979 a nan hedikwatarta take, kuma ita ta buɗe cibiyar koyar da aikin fim a 1995, wadda ke ba da digiri da haɗin gwiwar Jami'ar Jos. Kwalejin Talabijin ta NTA tana hanyar Rayfield. Dattawa a cikinmu ba su manta da Cock Crow at Dawn ba, wasan da aka shirya a Filato a farkon shekarun 1980, ƙasa duka tana zaman jiransa. Ta fuskar waƙa kuma, garin da ya ba duniya Ɗan Maraya da kuntiginsa shi ne ya raini tagwayen P-Square, waɗanda suka fara rawa da waƙa suna ɗalibai a sakandaren St. Murumba, ya raini M.I Abaga da Ice Prince, da Jeremiah Gyang da ya yi suna da waƙa cikin Hausa. Kenneth Gyang a cibiyar fim ɗin nan ya yi karatu, kuma fim ɗinsa Confusion Na Wa ya lashe babbar kyautar finafinan Afirka a 2013. Sani Mu'azu, Nafisa Abdullahi da Sadiq Sani Sadiq duk 'ya'yan Jos ne. Saboda haka malamin da ya ba ɗalibi kamara a wannan gari sana'ar gida ya koya masa. Abin takaici kawai shi ne, waɗannan cibiyoyi tafiyar Keke Napep ce daga nan, amma yaron Kongo-Rasha zai iya gama sakandare bai taɓa jin wani ya ce masa ƙofarsu a buɗe take gare shi ba.

Sai dai hujjata mafi nauyi ba ta sana'a ba ce, kuma dole in taɓo abin da ba ma son tunawa. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001, a nan unguwar, saɓani kan wucewa ta hanyar da aka tare domin sallar Juma'a ya buɗe ƙofar rikicin da aka daɗe ana jin ƙamshinsa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 1,000 suka rasu cikin kwana shida. Aka sake yi a Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, aka sake a Janairun 2010. Daga nan ranakun farin ciki su kansu suka zama ranakun fargaba: bama-bamai sun tashi a Unguwar Rukuba da Kabong a jajibirin Kirsimetin 2010, sannan a ƙarshen Agustan 2011 jini ya zuba a filin Idi na hanyar Rukuba ranar Ƙaramar Sallah. Kowane tashin hankali ya bar mutane suna sayar da gida ko musaya da shi, Musulmi na komawa cikin Musulmi, Kirista cikin Kirista, har makarantu suka bi sahu, domin uwa ba za ta tura ɗanta inda zuciyarta ba ta kwanta ba. Duk ɗalibin da ke sakandare a yau bayan 2001 aka haife shi. Iyayensa sun san ɗanɗanon shinkafar Kirsimeti daga gidan maƙwabci, sun san kwanon naman layya da ake aika wa gidan Kirista, sun yi yawon Sallah tare zuwa gidan zoo. Shi kuwa da yawa daga tsaransa labarin bikin ɗaya ɓangaren kawai suke ji, ko su hango shi ta waya, ko su san shi a matsayin ranar da ake ce musu kada su fita.

Idan aka zo nan, abin da ke fara zuwa wa malami a rai shi ne ya ce yara su rubuta waƙar zaman lafiya. An yi irinta ba adadi a wannan gari, a rediyo da talabijin da tarurrukan ƙungiyoyi, kuma ban raina niyyar masu yi ba. Amma yaro ya san amsar da babba ke son ji. Zai rera cewa mu duka ɗaya ne, a tafa masa, ya koma gida da tsoronsa yadda ya fito da shi. Akwai binciken da ya kamata kowane shugaban makaranta a nan ya sani, domin a maƙwabciyarmu Kaduna aka yi shi. Wasu masana biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun bibiyi samari fiye da 800, Musulmi da Kirista, aka sa wasu daga cikinsu a ajin koyon kwamfuta na mako 16, wasu a aji gauraye, wasu a aji na 'yan addini ɗaya. Ba a yi musu lacca kan haƙuri da juna ba, kwamfuta kawai aka koya musu. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna cewa ra'ayin da suke furtawa a kan ɗaya ɓangaren bai sauya ba, amma da aka gwada su da rabon kuɗi, waɗanda suka zauna a aji gauraye ba su nuna wariya kamar waɗanda suka zauna su ya su ba. Wannan sakamako bai yi alkawari mai yawa ba, shi ya sa na yarda da shi. Ya gaya mana cewa hali yana iya gyaruwa kafin baki ya sauya magana, kuma zama na 'yan ɓangare ɗaya zalla yana da tasirinsa a kan yadda matashi ke mu'amala da wanda ba nasa ba. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya bayyana sharuɗɗan da cuɗanya ke amfani da su: a zama daidai wa daida, a sa manufa ɗaya a gaba, a buƙaci juna, kuma hukuma ta tsaya a baya. Shirya bidiyon waƙa a makaranta ya tara huɗun nan ba tare da an ƙaƙaba su ba.

Ku dubi yadda aikin yake a zahiri. Waƙa ake fara yi, a rubuta baitoci da amshi, a ɗauki murya a ɗaki shiru, domin wayar hannu tana iya ba da hoto mai kyau amma sautinta a titi ba ya jiyuwa. Sai a zauna a tsara hotunan da za su hau kan kowane ɗango. Minti uku daƙiƙa 180 ke nan. Idan kowane hoto zai tsaya daƙiƙa 4, ana buƙatar hoto 45, kuma kowanne sai an san inda za a ɗauke shi, da wanda zai fito, da kayan da zai sa, da ƙarfe nawa. Ranar ɗauka, wani yana riƙe da waya, wani yana kunna waƙar domin bakin mai rerawa ya dace da sauti, wata tana riƙe da takarda tana duba cewa hular da aka sa a hoto na 12 ita ce a na 13, wani yana roƙon masu wucewa su ɗan dakata. Haske ma ba ya jira: sassafe da bayan la'asar ne fuska ke fita da kyau, rana tsaka kuwa inuwa ce ke cika ido. Idan mai kunna waƙa ya makara, kowa ya yi asarar yini. Yaron da ya tsaya a sanyin Disamba na Jos yana jiran abokin aikinsa, ya ji haushinsa, suka yi cacar baki, suka shirya domin aiki bai ƙare ba, ya san wannan abokin a matsayin mutum mai suna da hali, mai makara ko mai ƙoƙari. Wannan sani ne babu laccar da za ta ba shi, har da wannan da nake yi.

Akwai kuma darasin neman izini, wanda a ganina ya fi tace hoto muhimmanci. Ba a ɗaga waya a ƙofar gidan mutum sai an yi sallama an bayyana dalili. Ɗalibai za su rubuta wa mai unguwa takarda da sa hannun shugaban makaranta, su je su durƙusa su gaishe shi. Yarinya Kirista za ta shiga gidan ƙawarta ta gaida mahaifiyarta kafin ta ɗauki hoton ƙunshi. Yaro Musulmi zai tsaya gaban dattijon da bai taɓa yi wa magana ba ya ce, Baba, muna neman alfarma. A nan ɗan gida yake zama jagora kuma lamuni, gobe kuma shi ne baƙo a unguwar wancan. Kowa ya ɗanɗani zama mai masauki, ya ɗanɗani zama wanda aka yi wa rakiya.

Me za a ɗauka, in ba wa'azi ba? Hutun kansa, yadda yake a layinmu. Telan da ba ya barci daren Sallah shi ne ba ya barci daren Kirsimeti, kuma alkawarin da yake saɓawa iri ɗaya ne. Mai kitso, mai aski, mai wankin hula, cinikin rago a 'Yan Shanu, kaji a keji, tumatir da kabeji a Farin Gada, gwanjo a Katako, cunkoson matafiya a tashar hanyar Bauchi, suyar cincin, yaron da aka saya wa takalmin da ya fi ƙafarsa domin ya kai baɗi. Waƙar da ta ambaci waɗannan da sunayensu za ta sa ɗaki ya ɗauki dariya da shewa, domin kowa ya ga gidansu a ciki. Masu kallo da kansu za su lura cewa hidimar gidajen biyu kusan ɗaya ce, ba sai wani ya tsaya ya faɗa musu ba, kuma abin da mutum ya gano da idonsa ya fi zama.

Yanzu ga masu ja, kuma na farkonsu su ne waɗanda na fi girmamawa. Jos gari ne da ba a wasa da addini. A nan aka kafa Izala a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, a nan hedikwatar ECWA da ta COCIN suke. Uba zai ce shi bai yarda da kiɗa ba, bai kuma yarda 'yarsa ta yi rawa a gaban kamara ba. Wani uban zai ce kada a sa ɗansa furta abin da ya saɓa wa bangaskiyarsa. Dukansu suna da gaskiya a kan 'ya'yansu, kuma ba hurumin malamin aji ba ne ya warware saɓanin da malamai suka daɗe suna yi a kan kiɗa. Abin da ke hannunsa shi ne tsara aikin yadda ba wanda zai zaɓi tsakanin maki da imaninsa. Waƙa ba ta rataya ga ganga ko fiyano ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da mata ta hannun 'yan taru. Makarantun Islamiyya suna rera waƙoƙi da murya zalla a walimar sauka. Matan zumunta a coci suna cika ɗaki da murya da tulu da caki. Rukunin da ya ga dama ya yi tasa da murya da amshi da tafi kawai, kuma sau da yawa irin wannan ta fi fita a waya. Kada a shiga masallaci ko coci da kamara, kada a kwaikwayi ibadar wani, kada a sa yaro ya rera aƙidar da ba tasa ba. Batun rawa kuwa, muna tune da Oktoban 2016, lokacin da ƙungiyar masu shirya finafinan Hausa ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan hukuncin, ya nuna cewa a wannan al'umma bidiyo na 'yan mintuna yana iya bin mace shekaru. Don haka a zauna da iyaye a shata iyaka tun kafin a fara. Yarinyar da ba za ta fito ba, a ba ta rubutun waƙar, ko tace hoto, ko ma darakta gaba ɗaya. Bayan kamara aikin ya fi yawa, kuma can ne ake yanke shawara.

Masu ja na biyu za su ce WAEC da NECO ba sa tambayar bidiyo. Haka ne, amma suna tambayar wasiƙa zuwa ga hukuma, wadda ɗalibi zai rubuta wa mai unguwa ta gaske, ya kuma ga abin da ke faruwa idan ba ta fito da ma'ana ba. Suna tambayar baiti da ɗango da amsa-amo da kari a adabin Hausa, kuma wanda ya yi gumi yana neman kalmar da za ta zauna a ƙarshen layi ba zai manta da su ba. Kasafin kuɗin mota da data lissafi ne. Duk da haka na yarda aikin yana iya cinye lokaci idan aka sake masa, don haka a ƙayyade masa mako uku, a kuma bar 'yan ajin ƙarshe su fuskanci jarrabawarsu. Batun kuɗi ma bai kai yadda ake zato ba: waya ɗaya ta Tecno ko Infinix, manhajar CapCut, fawa-banki saboda rashin wuta, ɗaki mai labule da katifa domin ɗaukar murya. Haɗarin da na fi gani shi ne ɗan mai hali ya zo da wayarsa ya zama sarkin rukuni, sauran su koma 'yan rakiya. Wayar ta fito daga hannun makaranta ko malami, a kuma raba muƙamai da ƙuri'a. Sannan waƙar ta zama tasu tun daga kalma har sauti. Ɗauko kiɗan wani mawaƙi a ɗora murya a kai taɓa haƙƙinsa ne a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023, YouTube kuma yana da na'urar da ke gane kiɗan aro. Garin da ke da kundung na Birom da sarewar Asharuwa ta Afizere da kalangu da kuntigi bai rasa abin kaɗawa ba.

Tsaro kuwa ba abin wasa ba ne. A yi aiki da rana, da malami, da babba ɗaya daga unguwar da aka shiga. Kada a nuna shingen jami'an tsaro, kada a fita ranar da gari ya ɗauki zafi, ko da an tsara. Intanet ta fi titi ba ni tsoro. A garin da jita-jita ta sha tayar da hankali, daƙiƙa goma da aka yanko daga bidiyon yara, aka liƙa musu ƙaryar bayani a WhatsApp, suna iya yin ɓarna. Kada a ɗora komai sai da rubutaccen izinin iyayen kowane yaro da ya fito, ba cikakken suna, ba lambar gida. TikTok da Facebook su da kansu ba su yarda da ɗan ƙasa da shekara 13 ba. Nuni na farko a harabar makaranta za a yi shi, gaban iyaye da waɗanda aka ɗauka, tela da mai kitso da mai unguwa, kuma duk wanda ya ce a cire fuskarsa a cire ba gardama. Makarantar da ta tsaya a nan, ba ta ɗora a ko'ina ba, ba ta rasa komai daga darasin ba.

Akwai suka ɗaya da ba zan iya kawar da ita ba. Mai ita zai ce rikicin Jos ba na rashin sanin juna ba ne. Mutanen da suka kashe juna a 2001 sun san juna sarai, sun ci abinci a kwano ɗaya. Tushen yana cikin batun ɗan ƙasa da baƙo, takardar shaidar asali, mallakar ƙaramar hukumar Jos ta Arewa tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, rashin aikin yi, da ƙwayar da ke cinye samarinmu. An kafa kwamitoci a kan rikicin: na Fiberesima a 1994, na Niki Tobi bayan 2001, na Bola Ajibola a 2009, na Solomon Lar a 2010, to waƙar 'yan makaranta ce za ta yi abin da waɗannan ba su yi ba? Ba za ta yi ba, kuma duk wanda ya ce za ta yi yana yaudarar yaran. Sanin juna bai hana 2001 ba. Amma a cikin waɗancan kwanaki an sami Musulmin da suka ɓoye Kirista a ɗakunansu, da Kiristan da suka ɓoye Musulmi, kuma maƙwabtaka da sabo ne suka sa su. Idan tsara guda ta tashi ba ta da ko mutum ɗaya a ƙetaren titi da za ta kira da suna, ranar da abu ya ɓaci ba mai buɗe ƙofa. Shugaban makaranta ba shi da iko a kan takardar asali ko rahoton kwamiti. Yana da iko a kan wanda zai zauna kusa da wa, da aikin da za a ba su.

Saura yadda za a aiwatar. Makarantar da ɗalibanta suka zama 'yan addini ɗaya ta nemi takwararta ta ƙetare, shugabannin biyu su sa hannu a takarda ɗaya, a riƙa haɗuwa sau ɗaya a nan sau ɗaya a can. A 2007 Babbar Sallah ta zo ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, amma da yake watan Musulunci yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, yawanci bukukuwan ba sa faɗowa a zango ɗaya. Wannan ba matsala ba ce: rukuni ɗaya ya yi aiki biyu a shekara, ba a sauya 'yan cikinsa ba, wanda ya yi jagora a na farko ya zama mai bi a na biyu. Wajen ba da maki, kada malami ya dubi yawan waɗanda suka kalla, kada kuma ya fifita kyan hoto, domin wannan sau da yawa tsadar waya yake nunawa. Ya dubi rubutun waƙar, da jadawalin hotuna, da takardun izini, da kasafin kuɗi, da rahoton shafi ɗaya da kowane ɗalibi zai rubuta a kan aikin da ya yi da wanda abokinsa ya yi. A ajiye kwafi a ofishin kowace makaranta da kwanan wata da sunayen rukunin. Shugabannin kuma su rubuta wa cibiyar fim da kwalejin NTA su nemi a turo musu ɗaliban shekarar ƙarshe su zauna da yara yini biyu kafin a fara ɗauka, ɗaya a kan sauti da haske, ɗaya a kan tacewa.